Agogon Gado: Yadda Ake Gane Shekarunsa da Abin da Aka Ƙera Shi da Shi

Gabatarwa

Sau da yawa idan dattijo ya kwanta dama aka zo buɗe akwatinsa domin rabon gado, akan tarar da tsohon agogon hannu a naɗe cikin ƙyalle, tare da tabarau da 'yan takardu. Wani lokaci tsarabar Makka ce, irin ta shekarun da alhazai ke dawowa da Seiko ko Rado ko Citizen ko West End, wani lokaci kuma kyauta ce da aka ba marigayi ranar da ya ajiye aiki. Nan take gardama takan tashi tsakanin magada. Wannan ya ce zinariya ce zalla, wancan ya ce ruwanta kawai aka shafa; wata ta ce tun zamanin Turawa yake, wata ta ce bai girmi autan gidan ba.

Gardamar tana da dalili, domin ba a raba abin da ba a san ƙimarsa ba. Bayan ƙima kuma akwai batun lafiya, saboda wasu tsofaffin agoguna suna ɗauke da sinadari mai cutarwa a fuskarsu. Abin farin ciki shi ne, agogo yana ɗauke da shaidar shekarunsa da ta kayan jikinsa, kuma ana iya karanta mafi yawan wannan shaida ba tare da an ɓata shi ba. Hanyar ita ce wadda masanin tsirrai yake bi idan aka kawo masa bishiyar da bai sani ba: ya dubi ganye, ya dubi fure, ya dubi ɓawo, ba ya yanke hukunci sai alamomin sun yi ittifaƙi.

Ƙa'idoji biyu kafin a fara

Ƙa'ida ta farko ita ce a fara da ido da kunne. Kada a kankare agogon da wuƙa, kada a goge shi da yashi ko toka, kada a ɗiga masa ruwan batir, kada kuma a yi masa wani da ƙarfi idan ya daɗe a tsaye, domin man da ke cikinsa ya bushe. Kayan aikin da ake bukata su ne madubin ƙara girman abu, da haske mai kyau, da littafin da za a rubuta duk wani harafi da lamba kamar yadda suke.

Ƙa'ida ta biyu ita ce agogo ba ya girmar dabarar da aka yi amfani da ita wajen ƙera shi. Idan an san shekarar da aka ƙirƙiro wani abu, aka kuma same shi a jikin agogo tun asali, to an sami iyakar da agogon ba zai wuce ba wajen tsufa. Kowace alama tana rage faɗin zato, har a iso ga 'yan shekaru kaɗan.

Abin da kunne yake ji

Agogon hannu bai yaɗu tsakanin maza ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sa'ad da sojoji suka ga ya fi na aljihu sauƙin dubawa. Saboda haka duk wanda ya ce agogon hannun kakansa ya shekara 200, akwai gyara a maganarsa.

Idan aka kara agogo a kunne aka ji bugu mai sauri ba tsayawa, hannun daƙiƙa kuma yana tafiya kamar yana silalewa, to injinsa na sifirin ne. Irin wannan inji yakan buga sau 5 ko 6 ko 8 a daƙiƙa guda, wato sau 18,000 ko 21,600 ko 28,800 a awa. Na sifirin iri biyu ne: akwai wanda ake yi wa wani da hannu, akwai kuma mai yi wa kansa wani ta hanyar motsin hannun mai shi. Wani Baturen Ingila mai suna John Harwood ne ya fitar da wannan iri na biyu kasuwa a 1928, kamfanin Rolex kuma ya inganta dabarar a 1931. Idan aka juya irin wannan agogo a hankali akan ji wani abu mai nauyi yana lilo a ciki.

Idan kuwa hannun daƙiƙa yana tsalle sau ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma agogon yana aiki da batir, to galibi na kwaz ne, wato wanda wani ɗan dutse mai karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa yake daidaita masa lokaci. Agogon hannu na kwaz na farko da aka sayar shi ne Seiko Astron, ranar 25 ga Disamba, 1969, a Japan, kuma irinsa bai yi araha ba sai ƙarshen shekarun 1970. Agogo mai nuna kwanan wata ta 'yar taga, wanda yake sauya kwanan da kansa da tsakar dare, ya shahara ne bayan fitowar Rolex Datejust a 1945.

Rubutun fuska da na murfin baya

Sunan ƙasa shaida ce mai ƙarfi, domin ƙasashe ma suna da shekaru. Agogon da aka rubuta wa “West Germany” an yi shi ne tsakanin 1949 da 1990, lokacin da Jamus take rabe biyu. Wanda yake ɗauke da “USSR” ko “CCCP” ya fito ne daga Tarayyar Sobiyat, wadda ta wargaje a 1991. Haka kuma kalmar “Waterproof”, mai nufin ruwa ba ya shiga sam, an daina amfani da ita wajen 1970, aka koma “Water Resistant”, wato mai jure ruwa, saboda hukumomin ciniki sun ga alkawarin farko ya yi yawa. Kalmar “Incabloc” kuwa sunan wata dabara ce ta kare inji daga girgizar faɗuwa, wadda aka ƙirƙiro a Suwizalan a 1934.

Mafi amfani cikin rubuce-rubucen nan ita ce lambar jeri, wato lambar da kamfani yake ba kowane agogo. Seiko misali ne mai kyau, tun da yana da yawa a gidajen ƙasar Hausa. A murfin bayansa akwai lamba mai alƙaluma shida ko bakwai. Alƙalamin farko shi ne na ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, na biyu kuma wata ne: 1 zuwa 9 daga Janairu zuwa Satumba, sannan O da N da D na Oktoba da Nuwamba da Disamba. To amma lambar da ta fara da 9D tana iya nufin Disamba ta 1969 ko 1979 ko 1989. A nan ne ake neman shaida ta biyu. Akwai wata lamba mai kashi biyu da ɗan layi a tsakani, wadda kashinta na farko yake nuna samfurin inji. Idan samfurin 6309 ne, wanda aka yi daga 1976 zuwa 1988, to 9D ba ta da wata fassara sai Disamba, 1979. Idan kuwa lambar jerin ta fara da 7, shubuha tana nan tsakanin 1977 da 1987, sai an ƙara da wata alama. Inji samfurin 7S26 bai fito ba sai 1996, saboda haka agogon da yake ɗauke da shi ba zai zama tsarabar aikin hajjin 1975 ba, ko da labarin gida ya ce haka.

Kamfanonin Suwizalan irin su Omega da Longines sukan buga lambar jerinsu a jikin injin ne. Longines yana da kundin lambobinsa tun daga 1867. Ganin irin wannan lamba sai an buɗe murfi, buɗewar kuwa aikin ƙwararren mai gyaran agogo ne, saboda dalilin da zai zo nan gaba.

Duwatsun cikin inji

Rubutun “17 Jewels” ko “21 Jewels” ya sa mutane da dama suna zaton akwai dukiya a ɓoye cikin agogo. Duwatsun jan yaƙutu ne, amma na masana'anta. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana hanyar yin sa a 1902, ta narkar da garin sinadarin alminiyam da ɗan kuromiyam a harshen wuta. Amfaninsu shi ne tauri da santsi: a ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tsaya a 10 ga lu'ulu'u, yaƙutu yana mataki na 9. Ana dasa su a wuraren da ƙafafun ƙananan garorin inji suke juyawa domin kada su cinye. Injin da yake bugawa sau 21,600 a awa yana yin bugu 518,400 a yini da kwana, saboda haka bukatar hakan a fili take. Duwatsu 17 alama ce ta inji mai inganci, amma idan aka cire su aka kai kasuwa ba su da wani kuɗin kirki.

Zinariya ce ko ruwanta?

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Launin rawaya ba ya tabbatar da zinariya, hatimi ne yake tabbatarwa. Zinariya zalla karat 24 ce, kuma ta yi laushi da yawa ga jikin agogo, shi ya sa ake gama ta da jan ƙarfe da azurfa. Lambar 750 tana nufin kashi 750 cikin 1,000 zinariya ne, wato karat 18. 585 karat 14 ce. 375 karat 9 ce. Ga azurfa akan ga 925 ko 800. Galibi hatimin yana cikin murfin baya ko a bayan kunnuwan da ake saƙala maɗauri.

Ƙasashe suna da tambarinsu na gwaji. A Suwizalan, kafin 1995, hoton kan mace yana nufin karat 18, hoton kurege kuma karat 14. Daga 1995 aka koma hoton kan kare. A Birtaniya akan ƙara wani harafi wanda yake sauyawa kowace shekara, kuma tun 1907 doka ta wajabta buga hatimi a kan agogunan zinariya da azurfa da aka shigo da su ƙasar. Wannan harafi yana nuna shekarar da aka gwada ƙarfen, ga wanda ya sami jadawalin haruffan.

Akwai kuma rubuce-rubucen da suke nuna ruwa ne kawai. “Plaqué Or” da Faransanci, ko “Gold Plated” da Turanci, tare da “10 Microns” ko “20 Microns”, suna faɗin kaurin ruwan zinariyar da aka shafa a kan tagulla. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, silin gashin ɗan Adam kuwa yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Ke nan ruwan bai kai kaurin gashi ba. Rubutun “Stainless Steel Back” shi ma yakan ruɗi mutane: murfin baya kaɗai ne ƙarfe marar tsatsa, sauran jikin tagulla ce da aka yi wa ruwa. Irin wannan agogo yakan koɗe a gefe da kusurwoyi har wani launi ya bayyana a ƙasa. Gumi yana ɗauke da gishiri da ɗan tsami, yana cin tagulla, shi ne yake barin koren tabo a wuyan hannu. Wasu mutane kuma fatarsu ba ta jituwa da nikel da ke ƙarƙashin ruwan, sai wurin ya yi ja da ƙaiƙayi.

Nauyi ma yana taimakawa. Santimita ɗaya mai murabba'i uku na zinariya zalla yana da giram 19.3, na karat 18 kimanin 15.5, na azurfa 10.5, na tagulla kimanin 8.5, na ƙarfe marar tsatsa kimanin 7.9, na taitaniyam 4.5. Sai dai nauyi kaɗai yana iya yaudara. Rado DiaStar, wanda ya fito a 1962, an yi jikinsa da wani gamin tangistan mai nauyi da tauri, wanda ba ya ƙarzuwa da sauƙi, akwai kuma masu launin rawaya a cikinsu, alhali ba zinariya zalla ba ce. Agogon taitaniyam kuwa, wanda Citizen ya fara fitarwa a 1970, ba shi da nauyi amma ba shi da araha.

Wasu sukan gwada da maganaɗisu. Wannan gwaji ba ya raba gardama, domin zinariya da azurfa da tagulla duk ba sa bin maganaɗisu, haka ma mafi yawan ƙarfen agogo marar tsatsa. Bugu da ƙari, maganaɗisu yana sa siririn sifirin da ke daidaita bugu ya manne da kansa, sai agogo ya riƙa gudu. Hanyar da ba ta ɓarna ita ce na'urar da take haska ƙarfe da hasken eksire ta karanta sinadaran da ke samansa, irin wadda ake samu a wasu cibiyoyin bincike na jami'o'i. Gwajin kabon 14 da ɗalibai suke ji a aji ba ya aiki a nan, domin na abin da ya taɓa rayuwa ne, kamar itace da ƙashi.

Gilashi da maɗauri

Gilashin agogo iri uku ne. Na roba, wanda ya yi yawa daga shekarun 1940 zuwa 1970, yana da ɗumi a taɓi, yana saurin ƙarzuwa, kuma ba ya ƙara idan an ƙwanƙwasa shi da farce. Na gilashin gaske yana da sanyi da ƙara. Na uku yaƙutu ne marar launi, ɗan'uwan duwatsun cikin inji, wanda da wuya ya ƙarzu. Amma gilashi da maɗauri shaidu ne masu rauni, saboda su ne aka fi sauyawa.

Duk da haka maɗaurin fata darasi ne ga ɗalibin ilimin halittu. Fatar kada ta gaske tana da ɗan ɗigo a kan kowane ɓawo na cikinta, wanda gurbin wata gaɓar ji ce da dabbar take gane motsin ruwa da ita, kuma ɓawon ba ya zama girma ɗaya. Fatar jimina tana da ƙuraje a wuraren da aka fige gashi. Fatar saniya da aka danna wa zane da inji kuwa, zanenta yakan maimaita kansa, ramukan kuma zurfinsu ɗaya.

Fentin da yake haske da dare

Wannan shi ne sashen da ya shafi rai. Marie Curie da mijinta Pierre sun gano sinadarin radiyam a 1898. Daga shekarun 1910 zuwa shekarun 1960 an riƙa gauraya shi da wani garin tutiya ana shafa wa lambobi da hannayen agogo domin su yi haske cikin duhu. A garin Orange na jihar Niyu Jasi ta Amurka, daga 1917, 'yan mata masu wannan aiki sukan tsotse bakin burushi domin ya yi tsini. Radiyam yana rukuni ɗaya da kalsiyam a jadawalin sinadarai, saboda haka jiki yakan ɗauke shi a matsayin kalsiyam ya kai shi ƙashi. A can yake zama yana harbin ɓargo da burbushin alfa. Sakamakon shi ne ruɓewar muƙamuƙi da ƙarancin jini da sankarar ƙashi, kuma da dama daga cikinsu sun rasu. Biyar daga cikin matan sun kai ƙara, aka sasanta a 1928.

Kowane sinadari irin wannan yana da rabin rayuwa, wato tsawon lokacin da rabinsa yake ɗauka kafin ya rikiɗe. Na radiyam shekara 1,600 ne. Agogon da ya shekara 70 yana ɗauke da kimanin kashi 97 cikin 100 na radiyam ɗinsa. Hasken yakan mutu ne domin garin tutiyar ya lalace, amma radiyam yana nan daram. Saboda haka rashin haske ba alamar tsira ba ce. Irin wannan fenti yakan koma ruwan ƙasa ko ruwan goro, ya yi ɓurɓushi, wani lokaci ma ya bar tabon ƙuna a fuskar agogo inda hannaye suka daɗe a tsaye. Yana kuma fitar da iskar radon, wadda take taruwa a wurin da iska ba ta shiga.

Daga shekarun 1960 an maye gurbinsa da tiritiyam. Alamarsa ita ce harafin T a ƙasan fuska, kamar “T Swiss T” ko “T<25”, kuma an yi amfani da fentinsa har ƙarshen shekarun 1990. Rabin rayuwarsa shekara 12.3 ne, ke nan bayan shekara 37 kashi ɗaya cikin takwas kawai ya rage, ƙarfinsa kuma ba ya ratsa gilashi. A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya ƙirƙiro LumiNova, fentin da yake shan haske da rana ya mayar da shi da dare, ba tare da wani sinadarin nukiliya ba. Ta haka fenti ya zama wata shaidar shekaru: radiyam kafin 1970, tiritiyam a tsakiya, sabon fenti daga shekarun 1990.

Launi kaɗai ba ya tabbatar da radiyam. Abin da yake tabbatarwa shi ne na'urar Gaiga, wadda ake samu a sassan fiziks na jami'o'i da dama. Tana ƙara da zarar an kusanto da ita. Kafin a sami gwaji, duk agogon da aka yi kafin 1970, mai tsohon fenti kuma babu harafin T, a ɗauke shi a matsayin mai radiyam. Kada a buɗe shi a gida, kada a busa fuskarsa da baki, kada a kwana da shi a hannu ko ƙarƙashin matashi, kada a bar wa yara. Idan gilashinsa ya fashe a sa shi cikin leda a ɗaure, a wanke hannu da sabulu, a ajiye shi inda iska take shiga, nesa da ɗakin kwana. Mai gyara ma a faɗa masa, domin shi ne ya fi kowa kusa da ƙurar. A Nijeriya, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa ce take da alhakin irin waɗannan sinadarai.

Idan shaidu suka saɓa

Ba kullum alamomi suke yin ittifaƙi ba. Ana iya samun murfin baya na 1979 da injin da bai fito ba sai 1996, ko fuska mai sheƙi a jikin agogon da ya koɗe. Wannan yana nuna an yi gyara da kayan wani agogo, ko an sake fentin fuska, ko kuma jabu ne tun asali. Rubutu mai kaushi, da haruffan da ba su jeru daidai ba, da sunan babban kamfani a kan inji marar suna, duk abin tuhuma ne. Rasit ko kwalin asali ko tsohon hoton marigayi sanye da agogon suna ƙarfafa hujja, haka ma tambarin fasfo na shekarar da ya yi tafiya.

Kammalawa

Malaman kimiyya za su iya mayar da wannan batu darasi a aji. Kowane ɗalibi ya kwafo rubutun da ke jikin wani tsohon agogo na gidansu, ba tare da ya buɗe shi ba, sannan a zana jadawali mai gida uku: alamar da aka gani, shekarar da ba zai girma ba, da shekarar da ba zai gaza ba. A cikin wannan aiki guda akwai tarihi da lissafi da ilimin sinadarai da na halittu. Ga magada kuwa, shawara ita ce a rubuta abin da aka gano a takarda, tare da sunan mai agogon da inda ya samo shi, a ajiye su wuri ɗaya. Idan an tabbatar zinariya ce, a nemi maƙeri amintacce ya ƙimanta ta kafin rabo. Idan ruwa ne kawai, a bar shi da koɗewarsa, a kai shi wurin ƙwararre ya wanke injin ya sa masa mai, domin injin sifirin da yake samun kulawa yana iya yi wa jika aikin da ya yi wa kaka.